Alewar Mutanen Japan, Wadda A Ke Yi Da Wake Da Shinkafa

 Yau filin namu zai kai mu nesa, can gabas ƙurewa, ƙasar Japan, mu leƙa abin da mutanenta ke ci in suna so su ji zaƙi a baki. Kada wata ta ce ina ruwanmu da alewar mutanen da ba mu taɓa gani ba. Ki dai yi haƙuri ki biyo ni. In na gaya miki cewa mafi daraja cikin kayan zaƙinsu da wake a ke yinsa, na san za ki gyara zama. Wake kuwa na sosai, ɗan ƙarami ja, suna kiransa azuki, kuma a wurin masana tsire-tsire danginsu ɗaya da wanda mu ke ƙosai da alala da shi. Mu mun kai namu wajen barkono da manja, su sun kai nasu wajen sukari.

Kayan zaƙin nan na gargajiya sunansu wagashi. Ita “wa” ɗin nan ta farko ma'anarta “na Japan”. Sunan bai daɗe ƙwarai ba, sai da kek da cakulan na Turawa suka cika kasuwanninsu bayan 1868 sa'an nan aka ga ya kamata a bambanta na gida da na baƙi. Amma abin da a ke kira da sunan ya girme shi da shekaru fiye da dubu. Kusan dukansu daga abu huɗu su ke fitowa: shinkafa, wake, sukari, da wata ciyawar teku. Na asali ba ruwansu da madara ko man shanu.

Kafin sukari ya zo

A zamanin da can, abin da su ke kira kayan zaƙi 'ya'yan itatuwa ne kawai, ɗanye ko busasshe. Suna da wani ɗan itace mai suna kaki, in an shanya shi ya bushe sai ya yi kamar dabino, har ya fitar da farin gari a bayansa don zaƙi. Har gobe masu sana'ar su kan ce alewa mai kyau ba ta wuce busasshen kaki zaƙi. Wannan magana ki riƙe ta, don ita ce ma'aunin hannunsu.

Suna da tatsuniya a kan haka, tana cikin littafin tarihinsu da aka gama rubutawa a 720. Wai wani sarki ya aiki baransa mai suna Tajimamori ƙetaren teku ya nemo masa ɗan itacen da ƙanshinsa ba ya gushewa, watau wani irin lemo. Bara ya yi shekara goma yana yawo, ya dawo da abin da aka aike shi, ya tarar ubangidansa ya riga ya rasu. Ya tafi bakin kabari ya yi ta kuka har shi ma ya mutu. Masu yin alewa na Japan shi suka ɗauka uban sana'arsu, kuma kowace shekara cikin Afrilu su kan taru a garin Toyooka don tunawa da shi.

To, da me su ke zaƙaƙa abinci tun da babu sukari? Suna dafa shinkafa da tsiron hatsi ta zama wani ruwa mai danƙo kamar maɗi. Masu hali kuwa suna da amazura. Wata ciyawa ce mai hawa itatuwa, cikin tsananin sanyi a ke sare ta a tatsi ruwanta ɗigo-ɗigo, a dafa har ya yi kauri. Mutane da yawa su yini suna wahala, abin da za a samu bai cika ludayi ba. Wata mata mai ilmi da ta yi aiki a fadar sarauniya wajen shekara ta 1000, sunanta Sei Shonagon, ta lissafa abubuwan da ta ga sun fi kome kyau a duniya, sai ta sa kankararriyar ƙanƙara da aka zuba wa amazura cikin sabon kwano. Ku duba fa, 'yan makaranta, mace ce ta rubuta wannan littafi, yau shekara dubu ana karanta shi. Da sukari ya yawaita sai aka manta yadda a ke yin amazura ɗin sam, sai a zamaninmu malamai da ɗalibai na jami'ar mata ta birnin Nara suka sake gwadawa.

Shi sukarin ya shiga ƙasar tun da wuri, amma a matsayin magani. A cikin takardar magunguna iri sittin da aka ba wani babban ɗakin ibada na Nara a 756 akwai sunansa. Ba mai tunanin a zuba shi cikin tukunya.

Daga 630 zuwa 894 sarakunan Japan suna aika jakadu ƙasar Sin don neman ilmi, su kuwa su kan dawo da littattafai da dabarun girki. A nan ne aka koyi kwaɓa gari a murɗa shi a soya cikin mai, abin da duk wadda ta taɓa yin dubulan za ta gane. Wani kanti a birnin Kiyoto yana soya iri guda daga cikinsu har yau, da man riɗi.

Miyar rago ba rago

Abin da ya fi ba ni sha'awa cikin tarihin nan shi ne labarin yokan. Malaman addinin Budda da suka yi karatu a Sin, irin su Eisai wanda ya komo da irin shayi a 1191, sun ga mutanen can suna ɗan taɓa abinci tsakanin kalaci da kalaci. Ɗaya daga cikin abincin nan farfesun rago ne, wanda in ya huce ya kan daskare. To, su malaman nan addininsu ya hana su nama. Sai suka niƙa jan wake da gari, suka turara, suka yi shi da kamannin nama. Sannu a hankali romon ya ɓace, sukari ya shiga, abin ya koma alewa. Amma sunan bai sake ba. Har yau in Bajapane ya rubuta yokan, harafin farko “rago” ne, na biyu “miya”, alhali babu ko gashin rago a ciki.

Haka kuma manju, watau ɗan curin fulawa da a ke turarawa. A Sin nama a ke cusa masa. Wani mutumin Sin da Japanawa ke kira Rin Join ya zauna Nara a 1349, ya cusa masa dafaffen wake mai zaƙi don malaman su samu su ci. Gidan da ya gaji sana'arsa, Shiose, yana nan a Tokiyo yana sayarwa.

Dafaffen waken nan mai sukari shi ne zuciyar wagashi. Sunansa anko. A'a, ba ankon biki ba, na ga wasu sun fara murmushi. Iri biyu ne, akwai wanda a ke bari da ɓawonsa da gudaji-gudaji, akwai wanda a ke tacewa ya yi sumul. Mutanen Japan su kan yi gardama a kan wanne ya fi, gardamar da ba ta ƙarewa ko tsakanin miji da mata.

A 1543 wani jirgin ruwa ɗauke da Turawan Fotugal ya faɗa tsibirin Tanegashima. Su suka kawo bindiga, su kuma suka kawo girki mai yawan ƙwai da sukari. A 1569 wani limamin Kirista, Luis Frois, ya je neman izinin wa'azi wurin Oda Nobunaga, jarumin da ya fi kowa ƙarfi a ƙasar a lokacin. Cikin gaisuwar da ya kai akwai kwalba cike da 'yan ƙananan alewa masu ƙaho-ƙaho kamar taurari. Ita ce kompeto. Kada ki raina ta don ƙanƙanta. A wani kanti na Kiyoto da aka buɗe a 1847, cikin ƙaton kasko mai zafi da ke juyawa a karkace a ke yinta, ana yayyafa ruwan sukari kaɗan-kaɗan, ƙwayar tana girma kamar milimita ɗaya a yini, sai an yi mako biyu ko fi kafin a sauke. Gidan sarautar Japan ita su ke rabawa cikin 'yan ƙananan batta in suna biki.

Daga Fotugal ɗin ne kuma aka sami kasutera, wani kek mai laushi na ƙwai da fulawa da sukari, ba mai ko kaɗan. Kantin Fukusaya na Nagasaki tun 1624 ya ke gasa shi. An kori mutanen Fotugal daga ƙasar a 1639, kek ɗinsu ya zauna, yanzu kuwa ba mai ce masa baƙo.

Kuɗin zaƙi

Daga nan Japan ta ja ƙofarta ta rufe shekara fiye da ɗari biyu. Cikin Turawa mutanen Holan kaɗai aka bari su yi ciniki, su ma an tsare su a wani ɗan tsibiri da aka gina a bakin Nagasaki, ana ce masa Dejima. Jiragensu da na mutanen Sin su ke sauke buhunan sukari, a ɗora wa dawaki da 'yan dako su bi hanyar da ta tashi daga Nagasaki zuwa Kokura, tafiyar kilomita wajen 228. Garuruwan da ke kan hanyar nan kowanne ya yi suna da irin alewarsa, yanzu ma Hanyar Sukari a ke kiranta. A yankin akwai wata habaici mai daɗi. In baƙo ya ci abinci ya ji an yi rowar sukari, ba zai ce bai ji zaƙi ba, sai ya ce yau kam Nagasaki ta yi nisa. Uwargida ta gane.

Amma sukarin waje da azurfa da tagulla a ke biyansa, dukiyar ƙasa tana ta zurarewa. Saboda haka shogun Yoshimune, watau sarkin yaƙin da mulki ke hannunsa daga 1716 zuwa 1745, ya sa a gwada noman rake a gida, har cikin lambun fadarsa. Kafin ƙarnin ya ƙare manoman tsibirin Shikoku sun gano yadda za su yi wani farin sukari mai laushi kamar hoda, sunansa wasambon. Su kan matse rake su dafa ruwan, su ƙunshe a tsumma su danne da duwatsu baƙin ruwan ya fita, su juye a faranti su murza da hannu da ɗan ruwa, su sake dannewa, haka haka har ya yi fari. Yana narkewa a harshe tun ba ki tauna ba. Har yanzu da hannu a ke yinsa, shi ya sa ya ke da tsada.

Akwai kuma baƙin sukari, irin mazarƙwailarmu, daga tsibiran kudu. A nan ina so mu ɗan dakata, don littattafan da ke yabon kyawun wagashi ba su cika tsayawa a nan ba. Tsibiran Amami sun faɗa hannun sarakunan Satsuma a 1609. Da sarakunan suka ga ribar da ke cikin rake, sai suka ce da sukari za a riƙa biyan haraji. A wajen 1830, bashi ya yi wa Satsuma katutu, sai aka ƙara matsawa: duk sukarin da aka yi na hukuma ne, wanda ya sayar a ɓoye hukuncinsa kisa. An hana mutanen tsibirin ciniki da kuɗi, kome za su saya sai dai a lissafa da sukari, a farashin da mai mulki ya ga dama. Gonakin shinkafa suka koma gonakin rake. In yunwa ta zo sai mata su shiga daji su saro wani itace mai dafi da a ke kira sotetsu, su jiƙa, su wanke, su sake jiƙawa har dafin ya fita, su dama wa 'ya'yansu kunu. An ce ko yaro aka kama yana shan rake sai an hore shi. Mutanen Amami suna kiran wannan zamani jahannamar baƙin sukari. Da ribar nan Satsuma ta farfaɗo, ta yi ƙarfin da ta shiga gaba wajen tumɓuke mulkin shogun a 1868. Matar da ke noma rake ɗanta bai san ɗanɗanonsa ba, wata kuwa can birni tana zaɓen launin alewar da zai dace da rigarta. Ni dai ba na iya kallon hoton kyakkyawar alewar zamanin nan ban tuna da ta farkon ba.

Abu na huɗu, ciyawar teku, tsautsayi ne ya kawo shi. A tsakiyar ƙarni na 17 wani mai masaukin baƙi a Fushimi, kusa da Kiyoto, ya zubar da ragowar wani abinci mai santsi da a ke dafawa daga ciyawar teku. Lokacin sanyi ne. Da dare ya daskare, da rana ya narke ya tsane, bayan 'yan kwanaki ya bushe ya yi fari fat, ƙarnin teku ya fita. Da ya sake dafa shi sai ya ga ya kama kamar da, har ya fi kyau. Shi ne kanten. Da shi a ke kama yokan na yanzu ya yi tauri a yanka shi da wuƙa. Yokan ɗin nan ba ya saurin lalacewa, akwai ma irin wanda a ke ajiyewa shekara biyar, iyalai su kan sa shi cikin jakar ko-ta-kwana saboda girgizar ƙasa. 'Yan makaranta masu son kimiyya, ga naku: a 1881 wata matar aure a Jamus, Fanny Hesse, ta ga mijinta likita yana fama, abin da ya ke renon ƙwayoyin cuta a kai yana narkewa da zafi. Ta ce ya gwada wannan abu da ta ke kama kayan zaƙinta da shi. Ya gwada ya yi. Har yau a ɗakunan gwaji na asibitocin duniya a kansa a ke renon ƙwayoyin cuta don a gane ciwon mutum. Daga madafa aka samo shi.

Da sukari ya samu, zaman lafiya kuma ya daɗe, sai gwanayen Kiyoto suka mai da abin ado. Sun yi littattafai masu zane, mai saye ya buɗe ya nuna wadda ya ke so. Gidan Toraya, wanda ke kai wa fadar sarki alewa tun ƙarshen ƙarni na 16, yana ajiye da irin littafin nan na 1695. Kowace alewa da sunanta. Akwai wani baƙin yokan nasu da in an yanka sai a ga ƙwayoyin wake jefi-jefi a ciki, suka sa masa suna Furen Dare, wai kamar furen itacen ume cikin duhu. Gwani ya kan ɗauki curin farin wake da bai fi ƙwan kaza ba, da ɗan itace mai kusurwa uku da tsumma mai laima, kafin ki ƙifta ido sau goma ya mai da shi fure ko ganye ko tsuntsu. Ba a yin furen Afrilu cikin Oktoba. Kuma kwana ɗaya ko biyu ya ke yi ya lalace, duk wannan wahala.

Dalilin zaƙin kuwa shayi ne. Shayinsu kore ne mai ɗaci, ba sukari ba madara. Sai a fara ba baƙo alewa ya cinye, sa'an nan a miƙa masa shayi, ɗacin ya tarar da zaƙi a baki. Babban malamin shayinsu, Sen no Rikyu, wanda ya rasu a 1591, shi ɗan waina ce ta alkama marar ado ya fi ba baƙinsa. Ni ma a nan ra'ayina ya ke. Furannin nan abin kallo ne, amma wagashin da ya fi shiga raina shi ne na cikin gida, wanda ke tafiya da kwanakin shekara.

Shekarar uwargida a Japan

Sabuwar shekara da moci a ke shigarta. Wata irin shinkafa ce mai danƙo, a turara ta, a zuba a turmi, ɗaya yana kirɓawa da ƙaton guduma na itace, ɗaya yana tsoma hannu a ruwa yana juyawa tsakanin bugu da bugu. In ba ku saba da juna ba, yatsu sun tafi. A kan cura biyu, babba da ƙarami, a ɗora ɗaya bisa ɗaya da lemo a kai, a ajiye a ɗaki har 11 ga Janairu. Ran nan ya bushe ƙamas, ba a sa masa wuƙa don suna ganin yanka mugun fata ne, sai a farfasa da guduma a jefa cikin kunun jan wake mai zaƙi. Sai dai moci yana da haɗari. Kowace sabuwar shekara sai an kwashi tsofaffi zuwa asibiti ya maƙale musu a wuya, wasu har su rasa rai. Hukumar kashe gobara ta Tokiyo, wadda motocin ɗaukar marasa lafiya ke hannunta, kullum gargaɗinta ɗaya: a yanka ƙanana, a jiƙa maƙogwaro tukuna, kada a bar tsoho ko yaro ya ci shi kaɗai.

Ran 3 ga Maris bikin 'yan mata ne, a kan jera 'yan tsana a yi moci hawa uku, ja-ja da fari da kore. In itacen sakura ya yi fure sai a fito da sakura-moci, wanda a ke naɗewa da ganyen itacen da aka jiƙa a gishiri. Wani mai gadin ɗakin ibada ne a Edo, tsohon sunan Tokiyo, ya fara sayar da shi a 1717, an ce gajiya ya yi da sharar ganye ya nemi abin da zai yi da su. Kantin yana nan a inda ya ke. Ran 5 ga Mayu kuma bikin yara, moci cikin ganyen kashiwa. Itacen nan tsohon ganyensa ba ya faɗuwa sai sabo ya tsiro, su kuwa fatansu ke nan ga zuriya, kada babba ya tafi sai ƙarami ya kawo ƙarfi. Wace uwa ce ba ta wannan fata?

Sau biyu a shekara, cikin Maris da Satumba, sa'ad da dare da rana suka yi daidai, iyali su kan ziyarci kaburburan iyayensu, uwargida kuma ta yi curin shinkafa ta lulluɓe shi da anko. Abu ɗaya ne, amma na Maris sunansa bota-moci, na Satumba ohagi, kowanne da sunan furen lokacinsa. A daren da wata ya cika cikin kaka a kan jera fararen curi goma sha biyar a bakin taga a zauna kallon wata. Ran 15 ga Nuwamba yara 'yan shekara uku da biyar da bakwai su kan sha ado, a ba su doguwar alewa siririya ja da fari don fatan tsawon rai. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce ta ranar da jariri ya cika shekara ɗaya. Sai a goya masa moci mai nauyin kilo biyu. Mudun shinkafar da a ke yinsa da shi sunansa issho, kalmar kuma tana nufin “tsawon rayuwa”, watau kada ya rasa abinci muddin ransa. Yaro ya yi taku biyu ya zube yana kuka, kakanni suna tafi.

Ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana. Wanda ya yi tafiya kuwa dole ya komo da tsarabar alewar garin da ya je, ya raba wa maƙwabta da abokan aiki, shi ya sa kowace babbar tashar jirgin ƙasa cike ta ke da akwatuna masu kyan naɗi. Wanda ya yi wa wani laifi ma da akwatin alewa ya ke zuwa ba da haƙuri, ya kan zaɓi mai nauyi marar ƙyale-ƙyale. In Allah ya kai wata cikinku can, ta riƙa tambaya kafin ta ci, don akwai 'yan kaɗan da a ke ɗiga wa giyar shinkafa.

Bayan 1868 abubuwa suka yi ta sauri. Wani mai gashin burodi, Kimura, ya ga mutane ba su son burodin Turawa, a 1874 ya cusa masa anko, ran 4 ga Afrilu 1875 aka kai wa Sarki Meiji ya ci, kasuwa ta buɗe. A 1909 aka fara gasa waina mai siffar kifin tai, kifin biki da talaka ba ya iya saye, ga shi nan ya samu da 'yan kuɗi kaɗan. Da Japan ta kama Taiwan a 1895 sukari ya yi araha. Yaƙi ya zo, a 1940 aka fara rabon sukari da kati, kantuna da yawa suka rufe, iyaye mata suka koma zaƙaƙa bakin yara da dankali. Sai 1952 aka saki sukari.

Yau matasan Japan sun fi kashe kuɗi a kan kek da cakulan, ƙananan kantunan unguwa kuwa suna rufewa in tsohon ya gaji ba magaji. Masu sana'ar ba su zauna ba. A 1979 suka tsai da 16 ga Yuni ta zama Ranar Wagashi, don an ce a wannan rana cikin 848 wani sarki ya yi sadakar alewa goma sha shida saboda annoba. Wajen shekarun 1980 wani ya jefa ɗanyen ɗan itace mai tsami cikin moci da anko, 'yan mata suka yi caa a kai. A 2022 gwamnati ta sa gwanintar gina furannin nan cikin gadon ƙasa da za a kiyaye. 'Yan mata kuma suna shiga makarantun koyon sana'ar, wadda da ta maza ce a kanti.

Ga wadda ke so ta gwada anko, ba wuya. Ki sami jan wake ƙanana gwangwani ɗaya, ki tsince ki wanke. Ki ɗora da ruwa, in ya tafasa ki zubar da ruwan farko, shi ke ɗauke da bauri. Ki zuba sabon ruwa ki rage wuta, ki bar shi kamar awa guda, kina ƙara ruwa in ya ja, har ƙwaya ta murje tsakanin babban yatsa da ɗan ƙaramin ba da ƙarfi ba. Kada ki kuskura ki sa sukari kafin nan, in kin sa waken zai ƙanƙame, ko kin kwana kina hura wuta ba zai yi laushi ba. Ki tsiyaye ruwan, ki zuba sukari kusan yawan waken, kashi biyu ko uku ba gaba ɗaya ba, kina juyawa da muciya a hankali. In kin ja muciya kin ga gindin tukunya ya bayyana bai rufe nan da nan ba, ya yi. Ɗan gishiri tsakanin yatsu biyu, ki sauke, ki baza a faranti ya huce, zai ƙara kauri da kansa.

In ohagi ki ke so, ki dafa shinkafa ta yi laushi kamar ta tuwo, ki ɗan kirɓa ta sama-sama yadda rabin ƙwayoyin za su rage, ki cura kamar ƙwai, ki lulluɓe da anko. Wannan kirɓi na sama-sama a ƙauyukansu “rabin kisa” su ke ce masa, wanda aka kirɓa lilis kuwa “kisan gaba ɗaya”. Suna ba da labarin wani matafiyi da dare ya yi masa ya sauka gidan wani tsoho da tsohuwa. Yana kwance sai ya ji suna raɗa a bayan bango, tsoho yana tambayar matarsa, baƙon nan gobe rabin kisa za mu yi masa ko gaba ɗaya? Tsohuwa ta ce rabi ya isa. Kafin zakara ya yi cara baƙo ya bi ta taga, ko takalmansa bai tsaya ɗauka ba.